GYARAN ƘAFAR MOTA DA KUƊI KAƊAN: BAYANI GA DIREBOBI, MAKANIKAI DA MASU MOTOCI

GABATARWA

Garin Fadan Kagoma, fadar masarautar Gwong, yana cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a ta Jihar Kaduna, a kan hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Kwoi. Ƙasa ce mai albarkar noma da yawan ruwan sama, tana kuwa cikin yankin da ya yi suna a duk Nijeriya wajen noman citta. Tun wajen shekarar 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa, aka yi shekaru da yawa jirgi na kwashe amfanin gonar wannan yanki zuwa kudu da arewa. Da harkar jirgi ta ja baya, sai nauyin ya koma kan mota. Citta da masara da doya, 'yan kasuwa da 'yan makaranta, har da marasa lafiya da ake kaiwa asibiti a Kafanchan, duk a kan taya huɗu suke tafiya.

Akasarin motocin da ke wannan aiki tsofaffi ne, an more su a ƙasashen waje kafin a shigo da su. A shekarar 2023 aka janye tallafin man fetur, darajar Naira ta faɗi, kuɗin kayan gyaran mota ya tashi ƙwarai. A cikin wannan shekarar ce kuma wata cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, abin hannun manoma ya ragu, lodin direbobi ma ya ragu. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, abin da mai mota ya kan fara jinkirtawa shi ne gyaran ƙafa, domin mota mai mataccen shok tana tashi, tana kuma tafiya, ba kamar mai mataccen inji ba.

Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a cewa ana iya gyara ƙafar tsohuwar mota da kuɗi kaɗan, gyara mai kyau kuwa, muddin an san sassan da ke karɓar gyara da waɗanda ba su da magani sai canji. An ɗauki Fadan Kagoma ne a matsayin misali, amma bayanin ya shafi kowane gari da ke da hanya mai gargada.

1. AIKIN SIFIRIN DA AIKIN SHOK

Abin da makanikai ke kira ƙafar mota shi ne dukan sassan da suka haɗa taya da jikin mota. Manyansu biyu ne, watau sifirin da shokazoba, wanda ake taƙaitawa a ce shok. Mutane da yawa suna zaton aikinsu ɗaya ne, alhali kuwa kowanne da nasa.

Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota da abin da ke cikinta. Idan taya ta hau dutse sai ya tsuke, idan ta faɗa rami sai ya miƙe. Amma halin sifirin ne idan an danne shi aka saki ba ya tsayawa nan take, sai ya yi ta sama da ƙasa kamar reshen itacen da yaro ya ja ya saki. Aikin shok shi ne kashe wannan lilo.

Shok wani bututun ƙarfe ne cike da mai. A cikinsa akwai fistin da ke manne da wata sanda mai santsi, jikin fistin ɗin kuma akwai ƙananan ramuka da bawul. Duk sa'ad da taya ta motsa, sandar ta kan tura fistin cikin mai, man kuwa ba shi da hanyar wucewa sai ta waɗannan ƙananan ramuka. Wahalar da mai ke sha wajen kutsawa ita ce ke rage ƙarfin lilon, ta mai da shi zafi, iska ta kwashe. Shi ya sa wanda ya taɓa shok mai lafiya bayan tafiya a hanyar burji zai ji shi da ɗumi.

Amfanin wannan ya wuce jin daɗin zama. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba, kuma ta nan kaɗai birki da sitiyari ke aiki. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan shok ya mutu, taya ta kan riƙa tsalle, ta taɓa ƙasa ta rabu da ita. A duk ɗan lokacin da take sama, direba yana riƙe da sitiyari ne kawai, motar ba ta jin maganarsa.

2. IRE-IREN ƘAFAR MOTA

A waɗansu motoci sifirin da shok kowanne yana zaman kansa. Misali, bayan a-kori-kura da bas irin Toyota Hiace akwai sifirin mai falle-falle, watau faifan ƙarfe da aka jera bisa juna, shok kuma yana gefe.

A waɗansu kuwa an zura shok ne cikin sifirin mai murɗi, suka zama abu guda. Irin wannan shi ne ya fi yawa a gaban ƙananan motoci kamar Golf da Corolla. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Earle MacPherson ne ya tsara wanda aka fi sani, motocin Ford na Ingila suka yaɗa shi a farkon shekarun 1950. A wannan tsari shok ba kashe lilo kaɗai yake yi ba, yana kuma riƙe da tayar a tsaye, yana juyawa tare da sitiyari, saboda haka lalacewarsa ta fi haɗari. Peugeot 504, wadda kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975 ya cika hanyoyin ƙasar nan da ita, irin wannan ƙafa ke gabanta. Doguwarta mai ɗaukar fasinja kuma sifirin huɗu ke bayanta, bibbiyu a kowane gefe, abin da ya taimaka mata wajen jure lodi. Toyota Hilux da aka ƙera daga wajen 2005 zuwa gaba ita ma shok cikin sifirin ke gabanta.

Akwai kuma wani iri mai zare a jikin bututun, da manyan zobba biyu da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta. Masu tseren mota da masu shiga daji ne suka fi amfani da shi. Tun asali an yi shi ne don a riƙa kwancewa ana sabuntawa, sai dai aikinsa na buƙatar kayan aiki na musamman.

Ta wajen ciki ma shok iri biyu ne. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, wanda mai ne kawai a cikinsa ko kuwa mai da 'yar iska kaɗan. Akwai kuma mai bututu ɗaya, wanda wani Bafaranshe mai suna de Carbon ya ƙago a farkon shekarun 1950. Wannan an ɗura masa iskar naitirojin mai ƙarfin da ya kai kusan ninki goma na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Lalle ne makaniki ya san wanne ke hannunsa kafin ya sa masa sifana.

3. DALILIN SAURIN LALACEWA

A ƙasar Kagoma da kewayenta damina ta kan fara tun wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Ruwa ya kan zaizaye bakin kwalta, ya haƙa ramuka, ya wanke kan kwalbati, hanyoyin da ke shiga ƙauyuka kuma su koma taɓo. Ramin da ruwa ya rufe shi ne mafi sharri, domin direba ba ya sanin zurfinsa sai ya faɗa. Bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya lanƙwasa sandar shok ko ya fasa robar da ke tare mai.

Da rani kuma sai ƙura. Jar ƙasa ta kan manne wa sanda, duk shiga da fita ta riƙa gogar robar kamar sanfefa har mai ya sami hanya. Shi ya sa 'yar rigar roba da ke rufe sandar, wadda ba ta da tsada, take da muhimmanci ƙwarai.

Na uku shi ne lodi. Akasarin ƙananan motoci an yi su ne don ɗaukar nauyin kilo 400 zuwa 500, har da direba da fasinja. Idan buhu ɗaya ya kai kilo 50, buhu goma kaɗai sun cinye wannan ƙima tun mutum ko ɗaya bai shiga ba. Lokacin haƙar citta, daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, a kan ga ƙananan motoci bayansu na jan ƙasa. A wannan hali sifirin ya riga ya tsuke iyakarsa, ba shi da sauran wurin motsi, duk bugun hanya sai ya sauka kai tsaye a kan shok da jikin mota.

4. ALAMOMIN LALACEWA

Shok ba ya mutuwa rana ɗaya. A hankali yake raguwa, direban da ke tuƙa motar kullum kuwa ya kan saba har ya daina lura. Kamfanonin da ke ƙera shok da yawa suna ba da shawara a duba shi bayan kowane kilomita 20,000, a kuma yi shirin canza shi idan ya ci wajen kilomita 80,000. Wanda ke bin hanyar gargada kullum kada ya jira wannan adadi. Ga alamomin da kowa zai iya gani:

(a) A ajiye mota a fili mai shimfiɗa, a danna kusurwa ɗaya da ƙarfi, a saki. Idan ta taso ta tsaya, da sauran ƙarfi. Idan ta ci gaba da lilo sau biyu ko uku, shok ya gaji.

(b) Mai yana gangarowa a jikin bututu. Ɗan damshi da ƙura ta manne wa a bakin bututun ba abin tsoro ba ne, amma mai da ya yi hanya har ƙasa alamar fashewar roba ce.

(c) Taya ta ci tudu da kwari. Idan an shafa ta da hannu sai a ji wani wuri ya lotsa, wani ya taso.

(d) Gaban mota na durƙusawa ƙwarai idan an taka birki, ko kuwa tana kwantawa gefe a kwana.

(e) Ƙwanƙwasa a ƙarƙashi idan an hau gargada. Sau da yawa wannan daga bushin ne ko robar kan shok, gyaransa kuwa ba tsada.

(f) Gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙasa alhali babu kaya. Wannan laifin sifirin ne, ya saki ko ya karye, canjin shok ba zai ɗaga shi ba.

5. ABIN DA KE GYARUWA DA ABIN DA BA YA GYARUWA

Nan ne gindin maganar. Sassan da ke karɓar gyara ko canji da kuɗi kaɗan su ne bushin, robar kan shok tare da boris ɗin da ke cikinta, rigar ƙura, robar da ke tare bugu idan sifirin ya tsuke, da robar da sifirin ke zama a kai. Sau da yawa mai mota ya kan zo da niyyar sayen shok biyu, a duba a tarar roba ce kawai ta mutu.

Shok ɗin kansa yana gyaruwa idan bakinsa na da babban noti da ake kwancewa, kamar yadda yake a tsofaffin motoci da yawa. Irin wannan ana iya buɗe shi a zuba sabon mai, a sa sabuwar roba. Wani kuma cikinsa gaba ɗaya ake zarewa a zura sabo, a bar tsohon bututun waje, abin da ya fi sayen shok sukutum sauƙi.

Waɗanda ba su da magani sai canji su ne:

Na ɗaya, sifirin da ya tsage, ya karye, ko tsatsa ta ci shi har ta yi rami.

Na biyu, sandar da ta lanƙwashe, ko wadda santsinta ya ɓare. Ko an sa mata sabuwar roba, cikin 'yan kwanaki za ta cinye ta.

Na uku, bututun da ya lotsa, musamman mai bututu ɗaya, domin a jikinsa fistin ke gudu.

Na huɗu, shok ɗin da kamfani ya liƙe bakinsa gaba ɗaya, balle mai iskar gas. Akasarin na motocin zamani haka suke.

Na biyar, farantin da sifirin ke zama a kai, idan tsatsa ta ci shi ko ya tsage. Motocin da suka yi zama a ƙasashen sanyi, inda ake zuba gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, su suka fi wannan ciwo.

6. SAYEN SHOK NA HANNU

Wanda bai iya sayen sabo ba ya kan koma ga na hannu, wanda ake kira kayan Beljiyam. Ana samunsa a shagunan Kafanchan, da manyan kasuwanni irin su Panteka a Kaduna, Dilimi a Jos, Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas. Shok na hannu na asali mai sauran ƙarfi ya fi sabon jabu, amma babu wanda ya san kilomitan da ya ci, saboda haka tilas a gwada shi kafin a biya.

A tsai da shi a tsaye, sanda na sama, a tura a ja sau biyar ko shida domin iskar da ta gauraya da mai lokacin da yake kwance ta koma wurinta. Daga nan a lura. Shok mai lafiya yana da nauyi iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ja kuma ya fi turawa wuya. Idan akwai wurin da sanda ta zurma ba nauyi, ko ana jin ƙarar kumfa a ciki, a bar shi. Mai gas kuwa, idan an danne sandarsa aka saki, za ta taso da kanta a hankali. A ja sandar har ƙarshe a duba ta cikin hasken rana, a shafa da farce, ko akwai ƙwarzane ko tsatsa.

A yi hattara da fenti. Shok ɗin da aka ce daga waje ya zo amma yana ƙyalli da sabon baƙin fenti, a duba jikinsa da kyau ko akwai tabon walda ko ƙusar da aka toshe rami da ita. Alama ce an huda shi an ɗura mai.

A saya biyu-biyu, na dama da na hagu, iri ɗaya, lamba ɗaya, ƙarfi ɗaya. Sabo a gefe ɗaya da matacce a ɗaya gefen ya kan sa mota ta karkata lokacin birki. A tafi da tsohon a gwada tsawo da ramukan ƙusa, a kuma yi sharaɗi da mai kaya tun kafin biya cewa idan bai yi ba za a mayar.

7. YADDA AKE GYARAN

Wannan aikin makaniki ne wanda ya koya, amma yana da kyau mai mota ya san matakan domin ya gane ko an yi masa aiki daidai.

Da farko a tsai da mota a ƙasa mai tauri, a sa wa tayoyi waigi. Bayan an ɗaga da jak, a tokare ta da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a tokare da bulo, domin bulo na fashewa ba sanarwa.

A yi alama da fenti ko alli a wuraren da ƙusoshi suke da inda bakin sifirin ya zauna, sa'an nan a fitar da shok da sifirin tare, a kiyaye tiyon birki kada nauyin ƙafa ya rataya a kansa.

Mataki na gaba shi ne mafi haɗari. Sifirin da ke kan shok a matse yake da ƙarfin da ya kai ɗaruruwan kilo. Lalle ne a kama shi da ƙarfen matse sifirin, ɗaya a kowane gefe, a ɗaure su bi da bi har sifirin ya saki farantinsa, kafin a taɓa notin sama. Ɗaure shi da igiya ko waya, ko sa yaron gareji ya taka shi da ƙafa, ganganci ne da ke iya fasa kai ko cire yatsu. Garejin da ba shi da wannan ƙarfe ya aro, ko makanikai su haɗa kuɗi ta hannun ƙungiyarsu su saya.

A wanke bayan shok tas kafin a buɗe, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe bawul. A yi aikin a kan tebur mai tsabta, ba a ƙasa ba. A kwance babban notin, a juye tsohon man cikin mazubi mai ma'auni. A jera sassan fistin bi da bi yadda suka fito, domin ƙananan faifan da ke jikinsa idan an juya tsarinsu ƙarfin shok ya canza. A wanke su da kananzir, a bar su su bushe. A gangara sandar a kan gilashi. Idan tana rawa, ta lanƙwashe.

A sa sabuwar robar tare mai. A zuba man shok na ainihi, gwargwadon da kamfanin ya ƙayyade. Man inji ya yi kauri ga waɗannan ƙananan ramuka, man birki kuwa yana ɓata robar kuma yana shan ruwa. Mai bututu biyu ba a cika shi fal, domin sanda na buƙatar wurin shiga. A motsa sandar a hankali har kumfa ta ƙare, sa'an nan a ɗaure. Kada a kama sanda da filaya ko kaɗan, haƙoranta za su ƙwarzane ta.

A sa sabuwar rigar ƙura da robar tare bugu, a mai da sifirin kan alamarsa, a ɗaure notin sama, sa'an nan a saki matsin a hankali. Ƙusoshin da suka ratsa bushin ba a ɗaure su ƙarshe sai an sauke mota nauyinta ya hau tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Daga ƙarshe a kai mota a yi mata saitin ƙafa. Wanda ya tsallake wannan don gudun kuɗi, a wurin mai taya zai biya.

8. DABARUN DA KE JAWO HASARA

Akwai waɗansu dabaru da suka yaɗu a gareji-gareji, waɗanda araharsu ta ranar farko ce kawai.

Huda liƙaƙƙen shok a ɗura mai a toshe. Ɓarɓashin ƙarfen hudar a ciki yake zama, robar da ta sa man ya zube tun farko tana nan yadda take, saboda haka man zai sake zubewa. Idan kuwa mai gas ne, hudawa ko kusantar da wutar walda gare shi na iya sa ya fashe a fuskar mai aikin. Ko mataccen da aka yar, kada a jefa shi cikin wuta, kada a bar yara su yi wasa da shi.

Gasa sifirin da wuta don a miƙe shi ko a rage tsawonsa. Ƙarfen sifirin an ba shi tauri ne a masana'anta ta hanyar zafi da sanyaya a kan ma'auni, kamar yadda maƙeri ke ba wuƙa ruwa. Wuta na kashe wannan tauri, sifirin ya saki ko ya karye. Walda ma haka take yi. Karyayyen sifirin na gaba yana iya soke taya mota na cikin gudu.

Cusa guntun tsohuwar taya tsakanin murɗin sifirin don ɗaga bayan mota. Wannan na hana wani sashe motsi, sauran ya ɗauki aikin duka har ya gaji. Ƙara falle a sifirin na baya kuma yana ɗaga mota, amma bai ƙara wa birki ko taya ko boris ƙarfin ɗaukar kaya ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

9. IDAN KUƊI BAI ISA BA

Mai hikima ya kan raba gyaran kashi-kashi. Abin da ke iya tsinkewa ya raba taya da mota ko da sitiyari shi ne na farko, watau karyayyen sifirin, farantin da ya tsage, da mahaɗan ƙafa da na sitiyari da suka yi sako-sako. Motar da ke da ɗaya daga cikin waɗannan ba ta cancanci ɗaukar fasinja ba sai an gyara. Na biyu, shok biyu na gaba, domin gaba ne ke ɗauke da sitiyari da mafi yawan aikin birki. Na uku, na baya. Robobi kuwa a canza su duk lokacin da aka kwance ƙafa, tun da kuɗin aikin an riga an biya.

Kafin a kammala gyaran, direba ya rage gudu, ya rage lodi, ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da na gaba, musamman cikin ruwan sama. Lokacin da ya fi dacewa da wannan gyara shi ne ƙarshen damina, kafin lodin kaka ya kankama, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Direban da ke ware ɗan abu kowane mako, ko ya shiga adashi da abokan tasharsa don gyaran mota, ba zai rasa abin kamawa ba.

10. NAUYIN DA KE KAN KOWA

Doka ta ɗora wa mai mota alhakin tabbatar da lafiyarta kafin ya sa ta a hanya. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1988, suna da ikon tsai da motar da ba ta da lafiya. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1971, ita ake kai wa ƙarar kayan jabu. Idan haɗari ya auku, ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122.

Amma jami'i ba ya kwana a gareji. Makaniki ne ke ganin abin da ke ƙarƙashin mota, amana ce a kansa ya faɗa wa mai ita gaskiya, ya nuna masa tsohon abin da ya cire, ya kuma ƙi aikin da ya san zai cuci mutane ko da an matsa masa. Shugabannin direbobi a tasha suna iya hana motar da bayanta ke jan ƙasa yin lodi. Fasinja ma yana da haƙƙin ya dubi mota kafin ya shiga.

KAMMALAWA

Talauci bai hana a gyara ƙafar mota yadda ya kamata ba. Roba da bushin da mai ana sabunta su, shok mai noti ana buɗe shi, na hannu mai kyau ana samunsa idan an gwada. Sifirin da ya tsage, sandar da ta lanƙwashe da liƙaƙƙen shok mai gas kuwa sai dai a canza. Wanda ya kiyaye wannan bambanci ya tsare kuɗinsa da tayoyinsa, ya kuma tsare ran manomin da ya hau motarsa daga Fadan Kagoma da buhunan cittarsa, yana sa ran komawa ga iyalinsa kafin dare.

Ana roƙon duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa ya karanta wa direbobi da yaran gareji da ba su iya karatu ba. Allah ya kiyaye hanya.